Titi Na Wa Ne? Yadda Mutanen Holan Suka Ƙwato Titunansu Daga Hannun Mota



Gabatarwa

Wanda duk ya ga malamin Hausa ya miƙe zai yi lacca a kan tituna da kekuna, ba mamaki ya ce wannan shiga sharo ba shanu ne. To, daga harshen zan fara. Bahaushe yana da sunaye da dama na hanya. Akwai turba, wadda sawun mutane ya fitar. Akwai gwadabe, babbar hanyar fatake. Akwai lungu da kwararo a cikin gari. Akwai kuma burtali, wanda ake shingewa tsakanin gonaki don shanu su wuce ba tare da sun yi ɓarna ba. Kalmar titi kuwa baƙuwa ce. Masana suna ganin daga Ingilishi ta taso, ta iso gare mu ta bakin Yarbawa, tare da kwalta da mota. Watakila shi ya sa muka tashi da zaton cewa titi kayan mota ne, mai tafiya a ƙasa da mai keke kuwa 'yan cin arziki ne, in an bar su su wuce sai su gode.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, wannan zato yana da ranar haihuwa, mutane ne suka ƙulla shi, kuma akwai ƙasar da mutanenta suka kwance shi, watau ƙasar Holan. Maganar ba ta wasa ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da mahaya keke da babur, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Zan fara da yadda mota ta gaji titi, sa'an nan in zo kan Holan, daga ƙarshe in duba abin da ya shafe mu.

Yadda Mota Ta Gaji Titi

Kafin zuwan mota, titin birni a Turai da Amurka bai bambanta ƙwarai da kwararon cikin birnin Kano ko Katsina ba. Wurin wucewa ne, wurin ciniki ne, nan ne kuma yara ke wasa. Mai keken doki shi ne aka ɗora wa nauyin kula, domin shi ne ke riƙe da abin da zai yi ɓarna. Dokar da Ingila ta yi a 1865 game da injuna masu tafiya da tururi a kan hanya wannan ra'ayi ta bi: mil 2 a awa cikin gari, mil 4 a bayan gari, da mutum a gaba yana tafiya a ƙasa riƙe da jar tuta. A watan Agusta na 1896 wata mota ta buge wata mata mai suna Bridget Driscoll a London, ta mutu, ita ce kuma ake lissafawa ta farko cikin masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe a Ingila. An ce motar mil 4 take yi a awa. An ruwaito cewa mai binciken musabbabin mutuwar ya yi fatan kada a sake ganin irin wannan abu. A shekarar nan ce aka ɗaga iyakar gudu zuwa mil 14.

A Amurka aka yi karon farko na sosai. Bayan da kamfanin Ford ya fito da mota mai araha a 1908, motoci suka cika birane, har tsakanin 1920 da 1929 suka kashe fiye da mutum 200,000. A cikin birane galibin mamatan masu tafiya a ƙasa ne, yara kuma suna da yawa a cikinsu. Jama'ar lokacin ba su yi wata tantama ba game da mai laifi. Jaridu suna zana mota da siffar dodo mai cin yara. A 1923 mutum 42,000 a birnin Cincinnati suka sa hannu a takardar koke, suna neman a tilasta wa kowace mota ɗaura wata na'ura da za ta hana ta wuce mil 25 a awa. Dillalan mota suka tashi haiƙan da kuɗi da talla, suka kayar da wannan bukata a ƙuri'ar raba gardama.

Wannan tsoro da suka ji ya koya musu cewa muddin jama'a na ganin titi na kowa ne, to, mota za ta zauna a matsayin baƙuwa mai laifi. Sai suka shiga aikin sauya ma'anar titi, kuma da kalma suka fara. Suka yayata sunan jaywalker ga duk wanda ya tsallaka titi inda ya ga dama. Asalin kalmar zagi ne, ma'anarta baƙauyen da bai san zaman birni ba. Aka sa 'yan sikawut suna raba takardun gargaɗi ga masu tsallakawa, aka shigar da darasin cikin makarantu. A 1925 birnin Los Angeles ya yi dokar da ta kange masu tafiya a ƙasa, a 1928 kuma aka fitar da samfurin doka irinta don sauran birane su kwafa. Masanin tarihi Peter Norton ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa na 2008. Ɗaliban harshe su lura da abin da ya faru a nan. An sauya suna kafin a sauya doka, kuma cikin shekaru kamar goma laifi ya tashi daga kan mai tuƙi ya koma kan wanda aka buge.

Ingila ma ta bi tata hanyar zuwa wuri guda. Ta soke iyakar gudun ƙananan motoci a 1930, a 1934 mutum 7,343 suka mutu, sai aka komo da iyakar mil 30 cikin gari, aka kafa jarrabawar tuƙi, aka keɓe wuraren tsallakawa, waɗanda a 1951 aka yi musu zanen fari da baƙi da muka sani. Waɗannan matakai sun ceci rayuka, amma a lura da rabon da aka yi: an ba mai ƙafa 'yar tsiririya mai faɗin taku kaɗan, an bar wa mota sauran titin duka.

Holan Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu

Holan ƙaramar ƙasa ce a yammacin Turai, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu nata ma yana ƙasa da matakin teku. In aka tambayi mutane dalilin da ya sa 'yan Holan ke hawan keke, sai su ce ai ƙasar ba ta da tudu, ko kuwa su ce al'adarsu ce. Amsar nan ba ta gamsar ba, domin kuwa shimfiɗar ƙasar tana nan, al'adar ma tana nan, sa'ad da suka yi watsi da keke a shekarun 1960.

Bayan yaƙi arzikin ƙasar ya bunƙasa, albashi ya hau, a 1959 kuma aka gano iskar gas mai ɗimbin yawa a lardin Groningen. Motocin da ba su wuce kimanin rabin miliyan ba a 1960 suka kai kusan miliyan biyu da rabi a 1970. Masu tsara birane suka ɗauka keke abin talaka ne da zai shuɗe da kansa. Aka mai da dandalin kasuwanni wuraren ajiye motoci, aka rushe gidaje don faɗaɗa tituna. A birnin Utrecht aka cike wani sashe na ƙoramar da ta kewaye tsohon gari tun ƙarni na 12, wadda matsayinta a wurinsu kamar na ganuwa ne a wurinmu, aka shimfiɗa babban titi a kai. A 1967 wani Ba'amurke masanin zirga-zirga, David Jokinen, ya kawo shawarar a yi wa Amstadam haka, a rushe unguwannin ma'aikata a ratsa manyan tituna har tsakiyar birni. A Amstadam ɗin nan, inda a da fiye da kashi 70 cikin ɗari na tafiye-tafiyen abin hawa a kan keke ake yinsu, rabon keke ya faɗo ƙasa da kashi 30 a farkon shekarun 1970.

Kuɗin wannan ci gaba da rayuka aka biya shi. A farkon shekarun 1970 fiye da mutum 3,000 ne ke mutuwa a titunan Holan kowace shekara, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 13 da 'yan kai ba. Abin ya kai matuƙa a 1972 da mutum 3,264. A 1971 kaɗai yara fiye da 400 suka mutu, watau fiye da yaro guda kowace rana ta Allah.

A Daina Kisan Yara

Cikin yaran da suka mutu a 1971 akwai 'yar wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, 'yar shekara shida, wadda mota ta buge tana kan kekenta za ta makaranta. Direban tara kawai aka ci shi. A watan Satumba na 1972 uban ya yi rubutu a jaridar De Tijd, ya sa masa kan magana da harshensu, Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kisan yara. A nan ma sai mu sake lura da aikin kalma. Bai kira abin haɗari ba, bai kira shi tsautsayi ba. Kisa ya kira shi. Tsautsayi ba shi da mai shi, amma kisa yana da wanda za a tambaya. Abin da dillalan motar Amurka suka yi da kalma shekara hamsin kafin nan, shi wannan uba ya warware da kalma.

Kan maganar nan ya zama sunan ƙungiya, wata matashiyar uwa daga Amstadam, Maartje van Putten, ta zama shugabarta, ita ce kuma daga baya ta zama wakiliya a Majalisar Turai. Iyaye mata ne ƙashin bayan tafiyar. Sukan tare titin da aka buge yaro, su fito da tebura da kujeru su ci abinci a tsakiyarsa, ko su rufe shi na yini guda don yara su yi wasa. Sun hau kekuna har ƙofar gidan Firayim Minista Joop den Uyl don kai kuka. A unguwar De Pijp ta Amstadam yaran makaranta da kansu suka nemi a ba su titin wasa, aka ɗauki fim ɗinsu a 1972 aka nuna a talabijin. A shekarar nan kuma majalisar birnin ta yi watsi da shirin ratsa babban titi ta tsohuwar unguwar Nieuwmarkt, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. A 1975 aka kafa ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa, a 1977 kuma dubban mutane suka kwanta da kekunansu a dandalin da ke gaban babban gidan tarihi na Amstadam, suna kwaikwayon gawawwaki.

Ana cikin haka sai ga matsalar man fetur. A watan Oktoba na 1973, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa wa Holan takunkumi saboda goyon bayan da take ba Isra'ila. Gwamnati ta hana hawan mota ran Lahadi, daga 4 ga Nuwamba 1973 har farkon Janairu 1974, Lahadi goma a jere. Mutane suka fito suka ga yara suna wasa a kan manyan hanyoyi, suka ji garinsu shiru, manya suka tuna yadda unguwa take kafin mota.

Wasu marubuta sukan jingina sauyin duka ga wannan takunkumi. Ni ban yarda da haka ba. Jamus ta Yamma da Beljiyam su ma sun hana hawan mota ran Lahadi a wannan lokaci, amma da man ya dawo sai suka koma gidan jiya. Bambancin Holan shi ne takunkumin ya tarar da jama'a a shirye, da ƙungiyoyi, da bukatu rubutattu, da 'yan takara a zaɓen majalisun gari. Gwamnati kuma, maimakon ta ɗauki masu kuka abokan gaba, sai ta ba ƙungiyar iyayen nan tallafin kuɗi, ta buɗe ofis, aka riƙa zama da ita wajen zana tituna.

Daga Zanga-zanga Zuwa Aikin Injiniya

Wannan sashe shi ne ya fi shafar ma'aikatan gwamnati da ke zaune a nan, domin kuka ba ya gina titi. Matakai biyar ne suka mai da fushin iyaye ya zama kwalta da doka.

Na farko shi ne abin da suke kira woonerf, wanda in za a fassara shi sai a ce farfajiyar unguwa. A garin Delft aka fara shi a ƙarshen shekarun 1960. Ana cire bambanci tsakanin titi da gefensa, a shimfiɗa bulo, a dasa itatuwa da kujeru a karkace yadda mota ba za ta sami miƙaƙƙiyar hanya ba, tilas direba ya yi tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa da yawa ba. Yaro yana da iznin wasa a ko'ina cikin faɗin titin. A 1976 gwamnati ta ba wannan tsari matsayi a doka.

Na biyu shi ne hana mota ratsa tsakiyar gari. A Groningen wani matashin kansila mai kula da tsarin gari, Max van den Berg, shi da abokan aikinsa suka raba tsakiyar birnin gida huɗu. Mai ƙafa da mai keke da bas suna wucewa daga wannan yanki zuwa wancan kai tsaye, amma mai ƙaramar mota sai ya fita zuwa titin da ya kewaye gari sa'an nan ya sake shigowa. A dare ɗaya cikin Satumba 1977 aka kafa alamun. 'Yan kasuwa suka yi ca, suka ce ciniki zai mutu. Ciniki bai mutu ba, Groningen kuwa ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da aka fi hawan keke a duniya.

Na uku shi ne hanyar keke ta musamman. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta biya kuɗin hanyoyin gwaji guda biyu, ɗaya a Tilburg ɗaya a Hague, masu jan daɓe, a ware daga motoci. Da aka auna sakamako sai aka ga mahaya sun ji daɗinsu, amma yawan masu hawa bai ƙaru sosai ba, saboda hanya ɗaya ba ta kai mutum ko'ina. Daga nan Delft ta tsara saƙar hanyoyi kamar raga, aka gina ta a shekarun 1980, yadda daga kowace ƙofa akwai hanyar keke zuwa makaranta da kasuwa da tashar jirgi ba tare da yankewa ba. Suka gane kuma cewa a mararraba ake mutuwa, saboda haka can suka fi kashe kuɗi.

Na huɗu shi ne rage gudu. A farkon shekarun 1980 aka halatta unguwanni masu iyakar kilomita 30 a awa. Dalilin wannan adadi lissafi ne da kowane ɗalibi zai iya yi. Wanda mota ta buge tana kilomita 30, kamar ya faɗo ne daga tsayin mita uku da rabi. Wanda ta buge tana kilomita 50, kamar ya faɗo daga kusan mita goma ne, watau daga saman bene mai hawa uku. Har wa yau, direban da ke kilomita 30 in ya hangi yaro zai iya tsayawa cik cikin kimanin mita 13. Wanda ke kilomita 50 kuwa, a daƙiƙa ɗayan da zai ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki ya riga ya ci kusan mita 14. Inda na farko ya tsaya, na biyu bai ko fara rage gudu ba. Ba su dogara ga allon gargaɗi ba. Sun ƙuntata titi, sun sa tudun rage gudu, sun ɗaga wurin tsallakawa, don titin da kansa ya gaya wa direba iyakarsa ko babu ɗan sanda.

Na biyar shi ne tattara waɗannan duka su zama manufar ƙasa. A 1992 cibiyar binciken kiyaye haɗurra ta ƙasar ta fito da tsarin da aka fara aiwatarwa gadan-gadan daga 1997. Tushensa shi ne ɗan Adam ajizi ne, zai yi kuskure ko an yi masa wa'azi dubu, jikinsa kuma ba ƙarfe ba ne, saboda haka wajibi ne a gina hanya yadda kuskure ba zai zama hukuncin kisa ba. Aka kasa hanyoyi uku: ta dogon zango, inda ba mai ƙafa ba mai keke, ta rarraba motoci cikin gari, inda dole a ware wa keke tasa hanya, da ta cikin unguwa, inda kowa ke cuɗanya amma a hankali. Ƙa'idar a taƙaice ita ce, inda gudu ya yi yawa a raba, inda ba za a iya rabawa ba a rage gudu. Wanda ya san hikimar burtali ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kotun Ƙoli ta ƙasar ita ma ta taimaka da hukunce-hukuncenta na farkon shekarun 1990: in mota ta buge yaron da bai kai shekara 14 ba, ɓangaren mai motar ne ke biyan diyya duka, in babba ne mai ƙafa ko mai keke kuwa aƙalla rabi, sai fa in akwai ganganci ko abin da ya fi ƙarfin direba.

Abin Da Aka Samu Da Abin Da Ya Rage

Daga mutum 3,264 a 1972, mamata suka sauko zuwa 570 a 2013, alhali jama'a sun ƙaru, motoci kuma sun ninka fiye da sau biyu. Yaran da suka mutu a 2010 ba su kai 20 ba. Gaskiya ne ɗamarar kujera da dokar hana tuƙi cikin maye da ingancin motoci da asibitoci suna da nasu rabo a wannan nasara, kamar yadda aka gani a sauran ƙasashen Turai. Abin da ya keɓanta da Holan shi ne ta rage mutuwa ba tare da ta kori mutane daga titi ba. Ƙasar tana da hanyoyin keke na kimanin kilomita 35,000, kekuna sun fi mutane yawa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiye a kan keke ake yinsu, yara kuma suna kai kansu makaranta. Utrecht ta fasa titin nan da ta shimfiɗa a kan ƙorama, a 2020 ruwa ya koma mazauninsa. A Disamba 2023 Amstadam ta mai da kimanin kashi 80 cikin ɗari na titunanta masu iyakar kilomita 30.

Aikin dai bai ƙare ba. A 2022 mamata sun sake haura 700, kusan 300 daga cikinsu mahaya keke ne, da yawansu tsofaffi, a zamanin da keke mai batir ya yawaita. Wannan ya nuna gyaran titi kamar noma yake, shekarar da aka bar shi ciyawa ta dawo. Wasu ƙasashe kuma sun ɗauki darasin sun ƙara nasu. Majalisar Suwidin ta amince a 1997 da manufar cewa ba a yarda da mutuwar ko mutum guda a kan hanya ba, a 2019 kuwa birnin Oslo na Norwe ya ga shekara ta ƙare ba a kashe mai ƙafa ko mai keke ko ɗaya ba.

Ina Ruwanmu?

Ruwanmu a ciki shi ne, igiya ɗaya ce ta ja mu da su, kowa ta kai shi nasa gefe. Tashin farashin mai na 1973 da ya sa Holan ta sake tunani, shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya. Aka yi ƙarin albashin Udoji, a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Ikko. Kafin nan keke abin alfahari ne a ƙasar Hausa. Malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti a kan Raleigh suke zuwa aiki, gwamnati ma tana ba ƙananan ma'aikata bashin keke. A shekarun da Holan ke komawa kan keke, mu muna sauka daga kansa, har ya zama alamar rashi.

Mun yi ƙoƙari ta fuskar doka da wa'azi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga jama'a su koma hawan keke, ya hau nasa a Abuja don ya nuna misali, sai wata bas ta ture shi cikin kwata. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma abin da ya same shi ya isa hujja cewa kira ba ya maye gurbin hanya. Manyan ayyukanmu na birane har yanzu gadar sama ce da faɗaɗa titi, watau irin shawarar Jokinen ta 1967. Mukan ratsa unguwa da titi mai layi shida, makaranta a wannan gefe gidajen yaran a wancan, sa'an nan mu kafa gadar ƙafa mai matakala da yawa wadda tsohuwa da mai ciki da mai tura baro ba za su iya hawa ba, in an buge su a ƙasa mu ce sun ƙi bin doka. Inda aka yi dakalin masu ƙafa kuwa, sau da yawa motoci ne ke kwana a kai, ko kwata ce a buɗe.

Ban ce a kwafo Delft a dasa a Zariya ba. Zafin ranarmu daban, ga babura da A-daidaita-sahu, ga masu talla da abincinsu ke gefen titi, waɗanda dole a yi tsari da su a ciki. Amma abubuwa uku ba su da ƙabila. A ƙidaya mamata da wurin da suka mutu, don a san mararrabar da ke cin mutane. A rage gudu da gini a gaban kowace makaranta da kasuwa da asibiti da masallacin Juma'a. Kada kuma a sa hannu a kan kwangilar titin cikin gari wadda ba ta da dakalin masu ƙafa, da inuwa, da wurin tsallakawa a ƙasa. Kuɗin waɗannan bai kai na gadar sama guda ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa sau biyu aka sauya amsar tambayar da na sa wa wannan lacca. A Amurka ta shekarun 1920 masu sayar da mota suka ce titi nasu ne, duniya ta bi su. A Holan ta shekarun 1970 iyaye suka ce na 'ya'yansu ne, suka sami kansiloli da injiniyoyi da alƙalai da suka saurare su. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma mu ne kuma muka ce rigakafi ya fi magani, addininmu ma ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ɗaliban da ke wannan ɗaki, a cikinku akwai waɗanda gobe fayil ɗin titi zai biyo ta teburinsu. Ma'aikata kuwa, ya riga ya iso naku. Roƙona shi ne, kafin ku sa hannu ku tambayi mai zanen ta ina yaro ɗan shekara shida zai tsallaka, in bai ba da amsa ba ku mayar masa da takardarsa.

 Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.